Darɓa A Lambu: Jawabin Malamin Gona

Mutanen Marnona, da na Wurno, da na Rabah, da na Goronyo, ina yi muku barka da aiki.

Allah Ya ba ƙasarmu ruwa. Ga Gulbin Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka gama ginawa a 1984. Saboda haka da rani mutane da yawa suna da ɗan lambu, ko a fadama ko a bayan gida. Daga nan ake samun kuɓewa, da tattasai, da attarugu, da kabeji, da yakuwa. Amma akwai wani ɓarawo da kan shiga lambu, ba ya tsoron shinge. Sunansa darɓa.

Darɓa ƙwari ne ƙanana, girmansu kamar na kwarkwata. Waɗansu kore ne, waɗansu baƙi, na kabeji kuwa kamar an barbaɗa musu toka. Sukan taru a bayan ganye da kan sabon toho. Bakinsu kamar allura yake. Da shi suke huda ganye su tsotse ruwansa. Sa'an nan ganye ya nannaɗe, ya yi rawaya, shuka ta tsumbure, fure ya zube.

Ga alamu uku. Ta fari, ganye ya nannaɗe. Ta biyu, ganye ya yi danƙo kamar an shafa masa zuma. Wannan danƙo kashinsu ne, daga baya ya yi baƙi kamar kunkunniya. Ta uku, tururuwa suna hawa da sauka a jikin shuka. Zaƙin nan suke sha, suna kuwa tsaron darɓa kamar yadda makiyayi ke tsaron garkensa.

Me ya sa suke yawa da sauri? A ƙasa mai zafi irin tamu, macen darɓa ba ta bukatar namiji, ba ta kuwa tsayawa yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa kowace rana. Cikin kwana 7 zuwa 10 'ya'yan nan su ma sun fara haihuwa. In wuri ya yi musu kaɗan, waɗansu su yi fiffike, su tashi zuwa lambun maƙwabci. Da damina ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke su. Da sanyin hunturu kuwa babu mai wanke su sai kai.

Kada ku raina su. Ban da tsotso, suna ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka. A 1975 darɓa ce ta yaɗa cutar da ta halaka gyaɗa a Arewa. Dattawanmu ba su manta da wannan shekara ba.

To, ina magani? Babban magani shi ne ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sau biyu a mako ka shiga lambunka da safe, ka juya ganye, ka duba bayansa.

In ka ga kaɗan ne, ka murtsuke su da yatsa. Ganyen da suka cika, ka tsinke shi, ka haƙa rami ka binne. Kada ka yar da shi a bakin kwami. Wajen ban ruwa ka watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganye, su faɗo ƙasa.

In sun fi haka, sai ruwan sabulu. Ka kankare sabulun sanda cikin babban cokali 1, ka narkar a ruwa lita 1. Ban da garin wanki, domin yana ƙona ganye. Ka fara gwadawa a shuka biyu, ka jira kwana ɗaya. In ba su ƙone ba, ka yayyafa wa saura. Lalle ruwan ya taɓa jikin ƙwaron, in ba haka ba aikin banza ne.

Sa'an nan ga dogon yaro, iccen da aka kawo daga ƙasar Indiya, yanzu ga shi a kowace unguwa. Ka tsinci 'ya'yansa, ka shanya a inuwa, ka ɓare. Ka daka ƙwayar rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10, ya kwana. Da gari ya waye ka tace da tsumma, ka sa ɗan sabulu. Ka bari sai da la'asar, rana ta yi sanyi, kana ka yayyafa. In ba ka da famfon feshi, tsintsiya ta isa, ko gorar roba da aka huda murfinta. Bayan mako ɗaya ka sake.

Akwai kuma abokinka a lambu. Wani ɗan ƙwaro ne ja mai ɗigon baƙi, kamar an kife 'yar ƙwarya. Darɓa ce abincinsa, yakan ci kamar 50 a yini. Ku hana yara kashe shi.

Kada ka cika wa lambu takin zamani. Yawansa yakan sa ganye ya yi taushi, darɓa kuwa abin da take so ke nan. Ka riƙa cire ciyawa, domin a can suke fakewa.

Yanzu ga gargaɗi, maza da mata. Kada ku sayi maganin ƙwari wanda ba shi da takarda a jiki. Kada ku fesa na auduga ko na sauro a kan kayan miya. Abin da ka fesa yau, shi iyalinka za su sha gobe a miya. Guba kuma takan kashe abokin nan naka, darɓa ta dawo ta fi da. In abin ya gagara, ka nemi malamin gona. In ya ba ka magani, ka karanta takardarsa, ka ƙirga kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka. Ga amfanin karatun da kuke yi ke nan.

In ka ga darɓa a lambunka, ka gaya wa maƙwabcinka, ku yi magani rana ɗaya. Allah Ya ba mu albarkar noma. Amin.

Tambayoyi

1. A ina darɓa take ɓuya?
2. Me tururuwa suke nema a jikin shuka?
3. Yaya ake haɗa ruwan dogon yaro?