Mai Ɗaura Aure a Amurka Yana Buƙatar Jama'a a Bayansa

   

Maganata a yau a kan mutum ɗaya take, wato wanda muke zaunarwa a gaba ran ɗaurin aure, ya tambayi waliyyi, ya tambayi wakilin ango, ya ce a yi Fatiha. A ƙasar nan amana biyu ke wuyansa, ta shari'a da ta hukuma, kuma mun bar shi yana ɗauke da su shi kaɗai. Ba mu tanadar masa horo ba, ba shi da abokan shawara, ba shi da wanda zai tsaya masa idan ya ce a'a. Ina so in nuna cewa wannan sakaci namu ne gaba ɗaya, kuma idan ya haifi ɓarna, mata da yara take fara ci.

A gida, ko Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi, aure ba ya ɓata, domin unguwa ce rajistarsa. An raba goro da alewa, sanƙira ya shelanta sadaki, mai unguwa ya sani, dattawan da suka shaida suna nan. Idan rigima ta taso bayan shekara ashirin, alƙali zai kira su su faɗi abin da suka gani. A nan kuwa shaidun sun watse, wani ya koma Hustan, wani ya koma gida, kuma ofishin fansho da asibiti da kotun gado ba sa tambayar wa ya ci goro. Takarda suke tambaya. Jihar Niyok ta daina amincewa da auren da aka ƙulla da zaman tare kawai tun 1933, haka ma Masacuset da Kanetikat ba sa ƙulla shi. Matar da mijinta ya rasu, kafin ta karɓi kuɗin fanshon gwamnatin tarayya a matsayin matarsa, sai ta nuna aure na doka, wanda a mafi yawan lokuta ya kai wata 9. Wanda zai nema wa matarsa katin zama, takardar aure ce farkon abin da hukumar shige da fice za ta duba. A Niyok, idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, matarsa ta doka tana da dala 50,000 da rabin abin da ya saura idan akwai 'ya'ya. Wadda ba ta da takarda kuwa sai ta fara da neman lauya don ta tabbatar da cewa ita matarsa ce, tana cikin takaba.

Wa hukuma ta ba ikon sa hannu a wannan takarda? A wasu jihohin arewa maso gabas akwai jami'in da ake kira alƙalin sulhu, wanda Amurkawa ke taƙaita sunansa da harufan JP. Muƙamin tsoho ne, dokar Ingila ta 1361 ta kafa shi, Turawan da suka yi hijira suka taho da shi. Auren farko da suka ɗaura a Filimot, cikin Masacuset ta yau, a 1621 na hukuma ne, kuma sai a 1692 dokar Masacuset ta ba malaman coci damar ɗaura aure. A yau gwamnan Masacuset ne ke naɗa alƙalin sulhu na tsawon shekara 7, doka kuma ta ƙayyade masa lada, dala 100 a garinsa, dala 150 a wani gari. A Kanetikat wa'adinsa shekara 4 ne, jam'iyyu ke ba da sunayen mafi yawansu, ana kuma ware kaso ga waɗanda ba sa cikin manyan jam'iyyu. Ban da shi, doka ta yarda malamin addini ya ɗaura aure, har da limamin Musulmi. Sai dai kowace jiha da ƙa'idarta. Lasisin aure a Niyok ana jiran awa 24 kafin a yi amfani da shi, kuma yana mutuwa bayan kwana 60. A Masacuset jiran kwana 3 ne. A Kanetikat kwana 65 yake yi. A cikin birnin Niyok dole mai ɗaura aure ya yi rajista a ofishin magatakardan birni, kuma a jihar ana mayar da lasisin cikin kwana 5 bayan ɗaurin aure. Limamin da zai taso daga Buronks ta birnin Niyok ya ɗaura aure a Bostan sai ya nemi izini daga sakataren jihar Masacuset tukuna.

Yanzu ku haɗa wannan da abin da shari'a ke nema. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kanta, ana buƙatar waliyyi da sadaki da shaidu biyu da siga. Hukuma ba ta tambayar waliyyi, ba ta tambayar sadaki. Niyok shaida ɗaya take nema, Masacuset da Kanetikat ko ɗayan ba sa nema. Saboda haka sa hannun alƙalin sulhu shi kaɗai bai cika mana sharuɗɗan addini ba, Fatihar liman ita kaɗai kuma ba ta samar wa mace takardar da za ta kare ta ba. Dole a sami mutumin da ya san ɓangarorin biyu. Amma wa ya koyar da limaminmu dokar iyali ta jihohinmu huɗu, wato Niyok da Niyu Jasi da Kanetikat da Masacuset? Akasarinsu almajiran ilimi ne na ƙwarai, sun karanta Risala da Askari, wasu sun kai Muhtasar, amma da rana tasi suke ja ko gadi suke yi, da dare su koyar da yaranmu. Kuskure ɗaya, kamar manta mayar da lasisi ko ɗaura aure da lasisin da ya mutu, ya isa ya jefa iyali cikin wahala. A Niyok ma doka ta mayar da ɗaura aure ba lasisi laifi a kan mai ɗaurawar. Alƙalan sulhu na Amurkawa sun gane haɗarin tun tuni, shi ya sa suke da ƙungiyoyinsu, suna tarukan ƙara wa juna sani, sabon shiga yana da wanda zai tambaya. Namu masu ɗaura auren waya kawai ake buga musu a ce gobe bayan Azahar.

Na san akwai masu cewa Allah bai shardanta takarda ba, iyayenmu sun yi aure ba lasisi kuma aurensu ya inganta. Gaskiya ne, babu mai cewa auren da ya cika rukunansa ɓatacce ne. Amma ingancin aure daban, kiyaye haƙƙin da ke cikinsa daban. Me ya sa shari'a ta nemi shaidu, ta so a bayyana aure? Don kada wata rana wani ya yi musu, don nasaba da gado da ciyarwa su tabbata. Inda shaidar baki ba ta da ƙarfi a gaban mai hukunci, rubutawa ita ce hanyar cim ma manufar da aka nemi shaidun dominta. Kuma rubutu yana aiki a kotunan ƙasar nan. A 1985 wata kotu a Niyok, a shari'ar Aziz da Aziz, ta tilasta wa miji biyan sadakin da aka rubuta. A 2002 kotun Niyu Jasi, a shari'ar Odatalla, ta sa miji ya biya ajalin sadaki na dala 10,000, domin ta ɗauki takardar a matsayin yarjejeniya tsakanin baligai biyu. Abin da ya ceci waɗannan mata shi ne an rubuta adadi a fili, an sa hannu. Mai ɗaura auren da ya san haka ba zai bar sadaki a fatar baki ba.

Wasu kuma tsoronsu shi ne auren hukuma zai shigo da rabon dukiya da rabon gadon da suka saɓa wa shari'a. Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a raina ta ba. Sai dai gudun rajista ba ya kawar da kotu, yana dai shigar da mace gabanta hannu rabbana. Dokar ƙasar nan ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya kafin aure, ta kuma ba kowa damar rubuta wasiyya, kuma ta waɗannan hanyoyi biyu Musulmi ke kusantar da rabonsu ga abin da addini ya tsara. Aikin lauya ne, amma mai ɗaura aure ne zai fara ce wa iyalai ku je ku ga lauya, kuma ba zai faɗa ba sai ya sani.

Akwai masu cewa ɗaurin aure aikin Allah ne, idan aka sa kuɗi ya zama sana'a. To, wa ke biyan man mota da kuɗin gada da ranar aikin da liman ya rasa? Idan jama'a ba ta biya ba, mai hali ne zai biya, kuma wanda ya saba karɓa daga hannun mutum ɗaya da wuya ya iya musa masa. Lada ƙayyadadde daga asusun jama'a, wanda kowa ya sani, shi ne zai 'yantar da bakin malami.

Wannan ya kawo ni ga wuri mafi nauyi, wato ranar da ya kamata mai ɗaura aure ya ƙi. Mu faɗa wa juna gaskiya, ana zuwa masa da auren takarda don neman katin zama, alhali dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000 a kan haka. Ana zuwa masa da yarinyar da ba ta kai ba, alhali Niyu Jasi tun 2018, Niyok tun 2021, Masacuset tun 2022, Kanetikat tun 2023 duk sun tsayar da shekara 18 ba togiya. Ana zuwa masa da maganar ƙarin aure, alhali babu jihar da ke rajistar mata ta biyu, kuma haɗa aure biyu laifi ne a dukkan jihohi 50. Ana zuwa masa da auren da ba a ji ta bakin amarya ba. Mai roƙon kuwa sau da yawa ɗan garinsu ne, ko mai ba masallaci gudummawar haya. Idan malam ya ƙi, gobe a ce ya zama Bature, a tafi wani masallacin a ɗaura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma idan masallatanmu duka suna kan ƙa'ida ɗaya a rubuce, malam zai ce wannan hukuncin jama'a ne, kuma duk inda aka je amsa ɗaya za a samu.

Game da muƙamin alƙalin sulhu kansa, ina ƙarfafa 'ya'yanmu da suka zama 'yan ƙasa su duba shi, amma da ido buɗe. Shi jami'in hukuma ne, na kowa da kowa. A 2004 gwamnatin Masacuset ta shaida wa alƙalan sulhunta cewa ba su da ikon ware wasu daga cikin auren da doka ta halatta, wanda ba zai iya ba ya ajiye muƙamin. Liman kuwa doka ta bar shi ya bi ƙa'idar addininsa. Don haka ga mafi yawanmu hanya mafi sauƙi ita ce limamanmu su cika rajistarsu. Inda babu liman mai rajista, mu san alƙalin sulhun garinmu, mu gayyace shi, mu bayyana masa yadda muke ɗaura aure, a haɗa sa hannunsa da Fatiha a zama ɗaya. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci ma wannan tsari zai amfane su.

Roƙona ga wannan taro shi ne kada mu tashi sai mun kafa majalisar masu ɗaura aure ta jihohinmu, wadda za ta riƙa zama da lauyan iyali aƙalla sau biyu a shekara. Kowane masallaci ya ba da mutum biyu, liman da na'ibinsa, don kada ilimin ya tafi da tafiyar mutum ɗaya. A samar da takardar aure guda da Hausa da Larabci da Ingilishi, mai gurbin sunan waliyyi da shaidu da adadin sadaki da abin da aka biya da abin da ya rage, a ajiye kwafinta a littafin masallaci. A sa iyaye mata biyu a cikin majalisar, su ne za su ji ta bakin amarya kafin ranar. A buɗe asusu, a kuma amince cewa daga yau ba za a yi Fatiha ba sai an ga lasisi.

Dattawa, ku ne za ku fara tsayawa a bayan malam ranar da ya ƙi ɗan'uwanku. Iyaye mata, ku tambayi takarda kamar yadda kuke tambayar lefe. Matasa, ku da kuka san harshen ofisoshin ƙasar nan, ku raka limamanku su yi rajista a cikin watan nan. Allah ya albarkaci aurenmu, ya shirya mana zuri'a, ya mayar da kowa gidansa lafiya.