ABIN DA KE ƘUNSHE CIKIN ƘWAYAR ZARRA

Lacca domin jama'ar Idumota da Agege da sauran 'yan Nijeriya



Dillalin goro na Agege ba ya bukatar kwance kowane huhu kafin ya san abin da ke ciki. Yakan dubi girmansa, ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya tambayi inda aka saro shi, sa'an nan ya yanke masa kima, kuma sau da yawa idan aka kwance sai a tarar maganarsa ta yi daidai. Wannan lacca ta shafi wani irin huhu ne da babu mahalukin da ya taɓa kwance shi, amma masana kimiyya sun bayyana abin da ke cikinsa ta hanyar lissafi, gwaji kuma ya gaskata su. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda aka yi haka, domin amfanin wannan ilmi ya riga ya shigo asibitoci da jami'o'in Nijeriya.

Zarra da ƙwallonta

Kowane abu da ido ke gani, ko goro ne, ko atamfa, ko jikin ɗan Adam, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da a ke kira zarra. A shekarar 1911, watau shekarar da layin dogo ya isa Kano, wani masani a Ingila mai suna Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukan nauyin zarra yana tattare ne a wani ɗan ƙwallo da ke tsakiyarta, kamar ƙwallon dabino, ƙwayoyin lantarki da a ke kira ilaktiron kuwa suna kewaye da shi. Da za a faɗaɗa zarra mafi sauƙi ta kai girman filin wasa na Surulere, da ƙwallon nan bai wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba.

Daga baya aka gane ƙwallon ma haɗi ne na ƙwayoyi iri biyu. Akwai furoton mai ɗauke da cajin lantarki, akwai kuma niyutiron wanda ba shi da caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Sai an jera furoton fiye da biliyan 500 kafin a cika tsawon milimita ɗaya. Masana suka zaci an kai ƙarshen magana. Amma da aka ƙera manyan na'urori masu gwara ƙwayoyi da juna bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai sababbin ƙwayoyi 'yan'uwan furoton suka yi ta bayyana da yawan gaske, har aka rasa yadda za a jera su. Su ne a ke haɗawa a kira da suna hadiron.

Lissafin sulusi

A 1961 Murray Gell-Mann na Amurka da Yuval Ne'eman na Isra'ila, kowa da nasa aikin dabam, suka kasa hadiron gida-gida bisa ga cajinsu da sauran halayensu. A wani gida mai gurbi goma sai aka ga ƙwayoyi tara kaɗai aka sani. A 1962 Gell-Mann ya faɗi cajin ta goman da kimanin nauyinta tun ba wanda ya gan ta, a 1964 kuwa aka same ta a ɗakin bincike na Brookhaven, kusa da birnin New York, kamar yadda ya siffanta. Sunanta Omega.

A wannan shekara ta 1964 ne Gell-Mann da wani matashi, George Zweig, kowannensu ya kawo dalilin wannan tsari: duk hadiron an gina su ne da wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan waɗanda Gell-Mann ya raɗa wa suna kwak. Wanda ya san rabon gado ba zai sha wuyar wannan lissafi ba, domin da sulusi a ke yin sa. A ɗauki cajin furoton riba ɗaya ne, na ilaktiron kuwa bashi ɗaya. Kwak ɗin da a ke kira na-sama yana da ribar sulusi biyu, wanda a ke kira na-ƙasa kuwa yana da bashin sulusi ɗaya. Furoton ya ƙunshi na-sama biyu da na-ƙasa ɗaya: sulusi huɗu a cire sulusi ɗaya, saura sulusi uku, watau ɗaya cif. Niyutiron ya ƙunshi na-sama ɗaya da na-ƙasa biyu: ribar sulusi biyu ta biya bashin sulusi biyu, ba riba ba bashi. Akwai kuma wani rukunin hadiron da a ke kira mezon, wanda kwak ɗaya ne haɗe da kishiyarsa mai akasin caji.

Masana da yawa sun ɗauki wannan dabarar lissafi ce kurum, domin ba wanda ya taɓa auna caji mai sulusi. Shaida ta zo ne a 1968 daga Stanford ta ƙasar Amurka, inda aka riƙa harba ilaktiron kan furoton da wata na'ura mai tsawon kilomita uku. Idan aka yi harbi cikin buhun auduga zalla, harsashi wucewa zai yi. In kuwa wasu harsasai suka riƙa karkacewa ƙwarai, to an ɓoye duwatsu a ciki. Abin da aka gani ke nan: akwai ƙananan abubuwa masu tauri cikin furoton. Jerome Friedman da Henry Kendall da Richard Taylor sun sami lambar Nobel a 1990 sabo da wannan aiki. Yau an san kwak iri shida ne. An gano na huɗu a 1974, na biyar a 1977, na shida kuwa a 1995.

Abin da ya hana a ga kwak shi kaɗai

Abin da ke ɗaure kwak da ɗan'uwansa wasu ƙwayoyi ne masu aiki kamar danƙo, sunansu guluwon, an kuma ga alamarsu a birnin Hambug na Jamus a 1979. Ɗaurin nan yana da hali na ban mamaki. Ƙarfin maganaɗisu raguwa ya ke yi idan aka yi nisa da shi. Na kwak kuwa kamar robar ɗaure kaya ce a bayan babur: idan suna kusa da juna sai ta saki, su yi ta walwala, idan aka ja ɗaya zai fita sai ta riƙe shi. David Gross da Frank Wilczek da David Politzer ne suka tabbatar da sakin nan ta lissafi a 1973, aka ba su lambar Nobel a 2004. In an matsa da ja har robar ta tsinke, ƙarfin da aka kashe sai ya zama sabon kwak da kishiyarsa, kowane ya kama baki ɗaya. Mai son igiya mai baki ɗaya, duk inda ya yanka baki biyu zai samu.

Tun da ba a iya fito da kwak a duba shi, sai masana suka koma ga siffanta cikin hadiron da lissafi, sa'an nan su gwada abin da lissafin ya faɗa da abin da na'ura ta auna. Siffa ta fari ita ce ta ƙidaya, wadda aka ambata a sama. Ta biyu ta fito a 1974 daga makarantar MIT ta Amurka, inda aka ɗauki furoton kamar jaka ce da kwak ke yawo a cikinta ba su iya huda ta. Ta uku Kenneth Wilson ne ya kawo ta, shi ma a 1974: a yanka wuri da lokaci gida-gida kamar ramukan dara, a bi su ɗaya bayan ɗaya da lissafi. Wannan aiki sai manyan kwamfutoci, kuma a 2008 wata ƙungiyar masana a Turai ta fitar da nauyin furoton da na 'yan'uwansa ta wannan hanya, ya zo daidai da awo, in ban da ɗan bambanci kaɗan.

Lissafin ya bayyana wani abu kuma. Idan aka tara nauyin kwak ukun nan, bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin furoton ba. Saura duka daga ƙarfin ɗaurin ne da zirga-zirgar da a ke yi a ciki, bisa ga ƙa'idar da Albert Einstein ya kafa a 1905 cewa makamashi da nauyi abu ɗaya ne. Ashe mafi yawan abin da sikeli ke nunawa a Idumota, ko na ƙarfe ne ko na shinkafa, nauyin ɗauri ne.

Ina ruwan Nijeriya da wannan?

Mai sauraro yana iya cewa wannan sha'anin Turawa ne. Ba haka ba ne. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ta fara aiki a 2004. Ana sa ɗan samfurin ƙasar noma ko na ma'adini a ciki ya sha niyutiron. Daga nan, a cikin zarrori da yawa, sai kwak na-ƙasa ya juye ya zama na-sama, niyutiron ya koma furoton, zarrar ta fitar da wani haske wanda ido ba ya gani. Kowane sinadari da irin nasa hasken, da shi ne a ke gane abin da ke cikin samfurin da kuma yawansa.

A nan Ikko ma, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, an buɗe cibiyar maganin ciwon daji a 2019, na'urorin da ke gasa ciwon kuwa ƙannen na'urar Stanford ne, hanyar aikinsu ɗaya. Na'urar hoton cikin jiki da a ke kira MRI ita ma da furoton ɗin da ke cikin ruwan jikin majiyyaci ta ke aiki, domin kowane furoton ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Ƙasar da ba ta da 'ya'yanta masu sanin asalin waɗannan na'urori, kullum sai ta jira baƙo ya zo ya daidaita mata su, majiyyaci kuwa yana kwance.

Kira ga iyaye

Aikin bai ƙare ba. A 1988 masana a cibiyar CERN da ke kusa da birnin Janeba suka ba da sanarwa cewa kwak ba su ɗauke da mafi yawan juyin da furoton ke yi a kan kansa, kuma har yanzu ana bin sawun sauran. A 2015 aka ga hadiron mai kwak biyar a can CERN ɗin. Tun shekarar 2000 kuma Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wata matsalar lissafi da ke ƙarƙashin ƙa'idar guluwon, ba wanda ya ci tukuna.

Gina na'ura irin ta CERN, mai kewayen kilomita 27, sai ƙasashe da yawa sun haɗa dukiya. Amma masanin da ke siffanta cikin hadiron, jarinsa takarda ne da alƙalami da kwamfuta da kai mai lissafi. Abdus Salam ɗan ƙasar Pakistan ne, daga garin Jhang ya taso, ya sami lambar Nobel a 1979, shi ne kuma ya kafa cibiyar nazari a birnin Trieste na Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa. A gida kuwa ana koyar da kimiyyar fiziya a jami'o'in Legas da Zariya da Kano da Sakkwato, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja.

Sabo da haka ana roƙon iyaye, musamman 'yan kasuwa, da su lura da 'ya'yansu maza da mata. Yaron da ke haɗa kuɗin ciniki da ka kafin maigida ya gama danna na'ura, baiwa ce Allah ya yi masa, bai kamata a cire shi daga makaranta don tsaron shago ba. A bar shi ya kammala sakandare, a tabbata ya ɗauki lissafi da fiziya da kimiyyar sinadarai, a kuma taimake shi ya nemi shiga jami'a. Ana roƙon sarakunan Hausawa na unguwannin Ikko da limamai da shugabannin kasuwa su isar da wannan saƙo ga jama'arsu.

Allah ya sa albarka a cikin zuriya, ya ba Nijeriya zaman lafiya da ilmi mai amfani, amin.