Jakuna ko jikkuna?

Yau hirarmu a kan jam'i ce, watau yadda ake kiran abu in ya wuce ɗaya.

A Faransanci da Ingilishi galibi harafin s ake liƙa wa ƙarshen kalma, shi ke nan. Hausa kuwa hanyoyinta da yawa: gida, gidaje, rumbu, rumbuna, gona, gonaki. Baki ya san su tun muna yara. Hannu ne bai saba ba tukuna.

Ku saurari waɗannan biyu: jakuna, jikkuna. Jakuna jam'in jaki ne. Jikkuna jam'in jikka ne, jikka kuwa kun sani dala 200 ce, watau faran 1.000. To, a ce ka rubuta wa ƙanenka da ke cin rani a Maraɗi ya aiko da jikkuna 5 na sayen iri, amma hannunka ya sa a inda ya kamata ya sa i, ya kuma bar k ɗaya. Me zai karanta? Jakuna 5! Sai ya ce wansa ya zautu, ya ajiye takarda, ga damina ta kama hanya. A baki da ya sake tambayarka. Takarda ba ta amsa tambaya.

Haka kwanaki da kwanuka. Na farko lokaci ne, na biyu abin awo. Mai bin bashin hatsi ya duba da kyau wanne aka rubuta kafin ya dangwala hannu.

Wani lokaci kuma jam'i biyu ne, duk daidai. Sarakuna da sarakai, dawaki da dawakai. Kada wani ya ce maka na garinku kuskure ne. Rubuta wanda ka saba, sai dai ka tsaya a kansa har ƙarshen wasiƙar.

Ga wata dabara. In akwai lamba, Hausa ta yarda a bar jam'i: jikka 5, jaki 5, kwano 10. A takardar kuɗi mu wannan muka fi so, don ya fi gajarta.

Yanzu kowa ya ɗauki allo. Ku rubuta jam'in ƙasa da na ƙashi, ku nuna wa malaminku gobe.