Masu Gadin Rana: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da sake saduwa.

Na tabbata ba mu manta da safiyar Laraba, 29 ga Maris 2006 ba, ranar da aka yi husufin rana. A Katsina da Gusau sai da duhu ya rufe gari, mu kuwa a nan Balan haske ya dusashe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masana sun faɗi ranar da sa'ar tun kafin abin ya auku.

To, akwai abin da ya fi husufi wuyar hange. Rana takan yi aman wuta, ta watso guguwa mai ɗauke da lantarki. Walƙiyar aman kan iso duniya cikin minti 8, ita kuwa guguwar takan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya. Wannan tazara ita ce damar yin gargaɗi. A ranar 13 ga Maris 1989 irin wannan guguwa ta jefa mutum miliyan 6 cikin duhu na awa 9 a lardin Kwibek na Kanada. A Fabrairun 2022 ta hallaka taurarin ɗan'adam kusan 40 na Starlink.

Tun 1995 aka kafa tashoshi 6 da ake kira GONG: biyu a Amurka, sauran a Cile, tsibiran Kanari, Indiya da Ostireliya. In rana ta faɗi a wannan, ta fito a waccan. Suna lura da baƙaƙen tabban fuskarta, waɗanda kan ƙaru su ragu duk bayan kimanin shekara 11.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne. Layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa ta Nijeriya, saboda haka in sararin sama ya hargitse, GPS da rediyon gajeren zango sukan sami tangarɗa. Hukumar NASRDA ma tana da cibiyar binciken wannan fanni a Anyigba, Jihar Kogi.

Roƙona shi ne ƙungiyarmu ta saya wa makarantarmu ƙaramin madubin hangen nesa mai matacin haske, ƙannenmu su riƙa ƙirga tabban nan suna rubutawa. Amma malamai a ja musu kunne: duban rana ba mataci yana makantarwa. Da sauran ƙwarin gwiwarmu, kada mu bari a yi wannan tafiya babu ɗan Gaya ko Ajingi a ciki.