Daga Kanal Ɗin Kadawa Zuwa Duniyar Mas

(An shirya wannan jawabi ne don a karanta wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Garun Malam da Kura da Bunkure. A karanta a hankali, sannan a tattauna.)



Duk wanda ya taɓa kwana a gona da rani ya san taurari. A cikinsu akwai wani mai ja-ja. Larabawa suna kiransa Mirrihu, Turawa kuma suna ce masa Mas. A gaskiya ba tauraro ba ne. Wata duniya ce mai kewaya rana, kamar yadda wannan duniya take yi.

Mutum ya taka wata tun 1969, amma har yau babu wanda ya taka Mas. Na'urori kawai ake aikawa. Wata da Amurka ta aika ta yi kusan wata bakwai a hanya kafin ta sauka a 2021. Duk da haka, akwai masana masu shirin cewa wata rana mutane za su je can su zauna.

Wani zai ce, ina ruwan manomin tumatir da wannan labari? To, a saurara.

Abin da babu a Mas

A Mas babu kogi, babu ruwan sama. Ruwan da ke can ya daskare ya zama ƙanƙara. Iskar wurin ba ta shaƙuwa. Sanyinsa ya wuce na hunturu nesa ba kusa ba. Ƙasarsa kuma tana da wani irin gishiri mai cutarwa. Babu kasuwa, babu bakanike, babu mai sayar da kayan gyara. Wanda ya je can, shi zai samo ruwansa, shi zai noma abincinsa, shi zai gyara injinsa in ya lalace.

Saboda haka ake gwada waɗannan ayyuka tun yanzu. Akwai wata tasha da ke shawagi a sama, nisan kamar kilomita 400 daga ƙasa. Tun shekarar 2000 mutane suke zama a cikinta bi da bi. A can ba a zubar da ruwa. Har gumi da fitsari tace su ake yi, su koma ruwan sha mai tsabta. A 2015 mazauna tashar suka ci latas ɗin da suka shuka da hannunsu. A 2023 suka ciri tumatir. Wani daga cikinsu, Frank Rubio, nasa tumatirin ya suɓuce masa ya ɓace, domin a can kome yawo yake yi a iska. Abokansa suka yi ta zolayarsa wai cinyewa ya yi. Sai bayan watanni da yawa aka ga tumatirin, ya riga ya yanƙwane. Tumatir ɗin da ake zubarwa kwando-kwando a Kwanar Gafan idan kasuwa ta faɗi, shi ne ake nema ruwa a jallo a sama.

Hannu ya ceci rai

A 1970 wasu mutum uku suka nufi wata a jirgin Apollo 13. Tankin iskarsu ya fashe a hanya. Iskar da suke shaƙa ta fara gurɓata. Matatar iskar da suke da ita mai kusurwa huɗu ce, ramin da za a sa ta kuma zagayayye ne. Da leda da kwali da salatif da tiyo suka haɗa su. Dukansu uku suka dawo gida da rai. Suna da ilmin littafi, suna kuma da hannun aiki. Da ɗaya ya rasu, da ɗayan bai cece su ba.

Wannan ne ya sa ake koya wa yara kimiyya da hannu. A ƙasar Kanada, tun 2001 akwai wani shiri mai suna Tomatosphere. Ana ba 'yan makaranta irin tumatir ƙunshi biyu. Ɗaya ya je sama ko an gwada shi da irin yanayin can, ɗaya kuma bai je ko'ina ba. Ba a gaya musu wanne ne wanne ba. Su shuka, su ba da ruwa, su ƙirga waɗanda suka tsiro, su rubuta, su aika wa masana.

Makarantar da ke ƙofar gida

Yaron Garun Malam bai rasa wurin koyo ba. An kammala gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta yana gangarowa ta Ruwan Kanya, ya bi kanal har gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Masu awo ne suka auna gangaren ƙasa, shi ya sa ruwan yake tafiya da kansa. Tiyon da manomi yake cikawa da ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya jefa cikin gona, kimiyya ce. Tsaga kwami da daidaita shi kimiyya ce. A Kadawa kuma akwai gonar gwaji ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake gwada iri.

Abin da ya rage shi ne awo da rubutu. Manomi ya san gonarsa ta yi kanwa, amma sau nawa ya ba ta ruwa? Ya san tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016, amma wace rana ya fara ganinta, wane magani ne ya yi aiki? Abin da ba a rubuta ba, ƙwaƙwalwa tana mance shi.

Ga abubuwa huɗu da kowane gida zai iya yi:

1. Kafin shuka, yaro ya ƙirga ƙwayar iri 100, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen buhu, ya riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 80 ba, irin ya yi rauni.

2. A zuba ƙasar da ta yi kanwa a gwangwani ɗaya, mai kyau a ɗaya. A shuka iri ɗaya, a ba su ruwa daidai. A duba bambanci.

3. Idan injin ban-ruwa ya lalace, kada a kori yara. Su tsaya kusa da bakanike, su miƙa masa sifana, su tambayi sunan kowane ƙarfe.

4. A sayi littafin rubutu guda, na gona kawai. A rubuta ranar shuka, ranar taki, ranar ban-ruwa, da yawan abin da aka samu.

'Ya'ya mata ma su shiga. Yarinyar da ke taya uwarta turara shinkafa ta san awon ruwa da wuta.

Babbar asara ita ce cire yaro daga makaranta lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir. Kuɗin yini guda ake samu, a rasa karatun shekara. Ya je makaranta da safe, ya je gona da yamma. Hanya kuwa a buɗe take. Tun 1977 aka kafa makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil.

Ba lalle ne ɗan Garun Malam ya je Mas ba. Amma wanda ya iya tattalin ruwa, ya iya gwada iri, ya iya gyaran inji, ba zai rasa abin yi ba a duk inda Allah Ya kai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa zuriya albarka, Ya ba da amfani mai yawa. Wassalamu alaikum.