Daren Farko a Gidan Yari: Wa Ke Tsaron Ran Ɗaurarre?

Shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamai, iyaye mata, da matasan Tudun Fulani da na Bosso.

Duk wanda ya daɗe a Minna ya san labarin gidan yarin Tunga. Ranar 6 ga Disamba, 2014, 'yan bindiga suka fasa shi, fursunoni sama da 200 suka fice. Aka sake kwatawa ranar 3 ga Yuni, 2018, aka kashe gandiroba guda, wasu kimanin 200 suka tsere. A Suleja ma ko bindiga ba a harba ba: ruwan sama ne ya rushe katanga daren 24 ga Afrilu, 2024, mutum kusan 120 suka bi duhu. Irin wannan ne ke tayar da manya daga Abuja, a zo da jiniya, a yi alkawarin sabuwar katanga. Shi ya sa da an ce tsaron gidan yari, hankalinmu sai ya tafi kan wanda zai gudu. Ni kuwa yau a kan wanda bai gudu ba zan yi magana, wanda ke kwance a ciki, ransa na hannun hukuma.

Hatsarin cikin ba ƙarami ba ne. A Disambar 2019 wayar lantarki ta faɗa kan gadon ƙarfe a gidan yarin Ikoyi da ke Legas, mutum 5 suka mutu. An gina gidan ne don mutum 800, amma a lokacin akwai sama da 3,000 a ciki. A ƙasa baki ɗaya, a 2024 ɗaurarru sun kai wajen 80,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar za ta tsaya.

Mutane kan zaci wanda aka yanke wa shekara ashirin shi ne ya fi kusa da yanke ƙauna. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 kan hana kashe kai a gidajen yari ta nuna wani abu daban. Mai jiran shari'a, galibi matashi, sau da yawa karonsa na farko ke nan, a kan ƙaramin laifi, shi ne ke cikin babban hatsari, kuma a sa'o'in farko da kwanakin farko. Hatsarin kan sake tashi idan ranar zuwa kotu ta gabato, ko mugun labari ya zo daga gida. Ku dubi yaron unguwa da aka kama da zargin satar waya. Ya kwana uku a bayan kanta, an kai shi kotu, babu mai tsaya masa beli. An aske masa kai, an tura shi ɗakin da babu wurin miƙe ƙafa. Idan yana shan tiramadol ko kodin, a wannan daren jikinsa zai fara nema, ga rawar jiki, ga rashin barci. Sama da duka ga kunya: mahaifiyarsa ta ji, gidan da yake neman aure sun ji. Tsohon fursuna ya riga ya saba da gabza da ƙararrawa. Sabon shiga bai san ko wata guda zai yi ko shekara biyar ba, kuma babu wanda zai iya gaya masa.

A rubuce, an san maganin wannan. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira da sunan Nelson Mandela, sun ce likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya ya ga kowane ɗaurarre da zarar an shigo da shi, ya duba alamun damuwa, da hatsarin cutar da kai, da ciwon rabuwa da ƙwaya. Dokarmu ta gidajen gyaran hali, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2019, ta ba shugaban gidan ikon ƙin karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni, ko mai taɓin hankali, ko yaron da shekarunsa ba su kai ba. Doka ce mai kyau. Amma gandiroban da ke bakin ƙofa da magariba, motar kotu ta sauke masa mutum goma sha biyar, wa ya koya masa tambayar da zai yi? In ya gano mai taɓin hankali ya ƙi karɓa, ina za a kai shi a daren? Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanenmu suka fi sani yana Barnawa a Kaduna. Ban zo in zargi gandirobobi ba. Da yawansu suna aiki a ƙarƙashin rufin da ke yoyo a kansu su ma.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya. Idan aka ga mutum ya rikice, yana kuka ko yana faɗa, sai a ware shi a ɗaki shi kaɗai wai don ya huce. Masana sun daɗe da gano cewa kaɗaici ne ya fi ba wa mummunan tunani fili. Ƙa'idojin Mandela sun haramta tsare mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, sun kuma hana yi wa mai ciwon ƙwaƙwalwa haka idan zai ƙara masa ciwo. Wanda ake jin tsoron zai cutar da kansa ido yake buƙata a kansa, da mutum kusa da shi.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaure mini kai. A ƙarƙashin sashe na 231 na tsohon kundin Final Kod na Arewa, yunƙurin kashe kai laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara guda. Wato wanda duniya ta yi wa zafi har ya nemi barinta, Allah ya kuɓutar da shi, sai mu ɗauke shi mu kai shi wurin da hatsarin ya fi yawa. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. A nan gida, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta goge wancan laifi ba. Na ga wasu malamai sun gyara zama, to bari in faɗa a fili: babu mai cewa kashe kai halal ne. Musulmi da Kirista duk mun san haramun ne. Haramcin nan shi ne ma hujjar da ta fi ƙarfi a kanmu mu tsare rai kafin ya salwanta. Abin da tsoron hukunci da tsoron gori ke haifarwa shi ne shiru: ɗaurarre ya ɓoye, abokan ɗaki su ɓoye, iyali su ce zazzaɓi ne.

Wani abin da ya yi aiki a wata ƙasa ba ya cin kuɗi sosai. A 1990 wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe kansa a gidan yarin Swansea da ke Birtaniya. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Samaritans ta fara horar da wasu fursunoni su zama masu sauraron 'yan'uwansu, dare ko rana, kuma tsarin ya bazu a gidajen yarin ƙasar. Mu ma muna da harsashinsa. Kowane ɗaki yana da shugabansa, akwai liman, akwai mai jan addu'ar Kirista. Su ne ke fara ganin wanda ya daina cin abinci, ko ya raba 'yan kayansa, ko ya fara neman gafarar kowa ba gaira ba dalili. Sai dai a yi hattara, domin shugaban ɗaki wani lokaci shi ne mai karɓar kuɗin wurin kwana. Ba kowa za a ɗora wa wannan amana ba.

Iyayena, naku ya fi kowanne sauƙi. Mun saba cewa a bar yaron da aka tsare ya ɗanɗana, ya yi hankali. Ku yi fushin, amma ku je a makon farko, ko da sabulu ne kawai a hannu. In kun san yana shan magani na ƙwaƙwalwa, ko ya taɓa yunƙurin cutar da kansa, ku gaya wa jami'in walwala na gidan ƙarara, kada kunya ta hana. In za a kai masa labarin rasuwa ko na saki, a fara sanar da ma'aikata. Masu unguwanni kuma, tsayawa beli a kan ƙaramin laifi yakan fi doguwar nasiha amfani.

Saura gwamnati. Sashe na 12 na dokar 2019 ya wajabta wa kwanturolan jiha ya sanar da babban jojin jiha da kwamishinan shari'a idan gida ya cika ya batse, a ba su wata uku su rage cunkoso, in ba haka ba yana iya daina karɓar masu jiran shari'a. Tun Maris na 2023 kuma gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar gina gidajen gyaran hali da gudanar da su, kuma mafi yawan waɗanda ke tsare laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi. Saboda haka 'yan majalisarmu na Bosso da Chanchaga suna da hurumin tambaya: a gidajen Minna, Suleja, Bida da Kontagora, mutum nawa suka rasu a tsare bara, me ya kashe su, kuma nawa ne a cikinsu ma'aikacin lafiya ya gani a ranar da aka kawo su?