Sirrin Tsohuwar Ƙwarya: Me Ke Sa Ƙullun Waina Tashi?

 Yau hirarmu a kan wasu halittu ce da ido ba ya gani, amma kullum harshe na jin aikinsu.

Ku tambayi duk mai tuyar waina a Kafin Hausa ko Haɗeja. Shinkafar fadamarmu ce, an jiƙa, an markaɗa, an rufe ƙullu ya kwana, da safe ya taso yana kumfa. Kafin zuwan yis na leda, wa ke wannan aikin? Yis ɗin da Allah Ya watsa a jikin hatsi, a iska, a hannun mai dama ƙullun, da kuma cikin mazubin kansa. Yana cin zaƙin da ke cikin ƙullu ya saki iska, shi ne kumburin. Tare da shi akwai bakteriya masu kawo tsami, wanda in ya yi yawa ake karya shi da ruwan kanwa. Shi ya sa a zafin Afrilu ƙullu ke saurin wuce gona da iri, da hunturu kuwa sai an lallaɓa shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mazubin. Ƙwarya da tukunyar ƙasa suna da ƙananan ƙofofi, ko an wanke, wasu halittun na nan a maƙale suna jiran ƙullun gobe. Haka kindirmo: Bafulatana ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar na jiya. Kowane gida da irin nasa, kowane gida da ɗanɗanonsa.

Turawa ma sun san wannan. A Beljiyam, kusa da birnin Brussels, masu wata giya da ake kira lambic kan bar ruwan haɗinsu a buɗe ya kwana, sannan su ɗura a gangunan katako har shekara 1 zuwa 3. Giya ba tamu ba ce, ilimin nake so ku ɗauka. Yis ɗin da ke zama a jikin katakon, Brettanomyces, wani masani a Denmark ne, Niels Hjelte Claussen, ya bayyana shi a 1904. Su suna lallaɓa tsohuwar ganga kamar gado, mu kuma muna jefar da ƙwarya mu sayi bokitin roba.

Ni dai a bakina, wainar yis ɗin leda ta fi saurin tashi, amma ɗanɗanonta ɗaya ne daga Haɗeja har Kano. Sai dai kada wani ya ce na ce a daina wanke ƙwarya! A wanke, a shanya a rana. Madara kuma dole a tafasa, domin ɗanya na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka daga saniya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.